Wa Ke Zaɓen Masu Riƙon Makaranta? Kwamitocin Kula da Makarantun Firamare a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ake samar da mutanen da ke jagorancin makarantun firamare na gwamnati a ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bunguɗu ta Jihar Zamfara. Ta nuna cewa tun daga hukumar jiha har zuwa kwamitin makarantar ƙauye, babu kujera ɗaya da iyayen yara ke cikewa da ƙuri'arsu kai tsaye, kuma kwamitin da ya fi kusa da yaro shi ne mafi ƙarancin iko. Ta kwatanta wannan tsari da na Amurka da Nijar da wasu ƙasashe, ta kuma kawo hujjar cewa zaɓen 'yan kwamiti ta ƙuri'ar sirri, tare da ba su iko kaɗan amma na gaske, shi ne gyaran da ya fi sauƙi kuma ya fi gaggawa.

Gabatarwa



Idan rufin aji ya yaye a Nahuce, ko malami ya yi wata guda bai leƙo makaranta ba a Bilbis, wa uban yaro zai tuhuma? Idan ya tuhume shi bai ga gyara ba, ta wace hanya zai sauke shi? Waɗannan tambayoyi biyu su ne ginshiƙin maƙalar. Mun saba tattauna matsalar ilimi a Zamfara ta fuskar kuɗi da gine-gine da tsaro, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai tambayar iko wadda ba mu cika yi ba: wa ya ɗora wane, kuma wa yake jin tsoron ɓata wa rai.

Yadda ikon ya yi ta hawa sama

A zamanin En'e, makarantar elementare tana hannun hukumar gargajiya. Hakimi da dagaci su ne ke tattara yaran da za a sa a boko, sau da yawa ba da son iyaye ba. Bayan rahoton Oldman na 1961, dokar ilimi ta Jihar Arewa ta 1962 ta kafa hukumomin ilimi na yanki domin su riƙe firamare. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo shekara ɗaya da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na gwamnatin Obasanjo, makarantu suka ƙaru fiye da yadda aljihun ƙananan hukumomi zai ɗauka. Daga nan aka shiga kai-komo. Dokar soja mai lamba 31 ta 1988 ta kafa hukumar firamare ta ƙasa, mai lamba 3 ta 1991 ta rushe ta ta mayar da nauyin kan ƙananan hukumomi, albashin malamai ya rikice, sai mai lamba 96 ta 1993 ta dawo da hukumar tare da hukumomin jihohi da na ƙananan hukumomi. A wannan tsari Zamfara ta buɗe ido da aka yanke ta daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Tsarin da muke ciki yau ya samo asali daga shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, da dokarsa ta 2004. Dokar ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, ta ce jiha ba za ta karɓi kasonta na gine-gine ba sai ta ajiye kwatankwacinsa. A jiha akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, wadda gwamna ke naɗa shugabanta. A kowace ƙaramar hukuma cikin 14 na Zamfara akwai hukumar ilimi ƙarƙashin Sakataren Ilimi, shi ma naɗa shi ake yi. Hedimasta kuwa turo shi ake yi daga ofis, a kuma ɗauke shi daga ofis.

Za a iya cewa ai ciyaman da kansila zaɓaɓɓu ne, kuma jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu kula da ilimin firamare. Haka ne a rubuce. Sai dai ƙananan hukumomin Zamfara sun daɗe suna shiga hannun kantomomi tsakanin zaɓe da zaɓe, kafin wanda aka yi a Nuwamba 2024, kuma albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi tun kafin ya iso sakatariya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya ce a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma hukuncin bai ce komai ba game da muryar uba ko uwa a makarantar unguwarsu. Kansilan Wanke ko na Keta ba don makaranta aka zaɓe shi ba, kuma ba shi da ikon ɗaga malami ko sauke hedimasta.

Kwamitin makaranta: nauyi ba iko

Domin cike wannan giɓi ne Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a 2006 cewa kowace makarantar firamare da ƙaramar sakandare ta kafa kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC. Ƙa'idar ta tanadi kujeru ga sarkin gari ko wakilinsa, hedimasta a matsayin sakatare, wakilan malamai, wakilan ɗalibai mace da namiji, wakilan ƙungiyar iyaye da malamai, ƙungiyoyin mata, malaman addini, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu da matasa. A Zamfara kwamitocin sun sami ƙarfi sosai a ƙarƙashin kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya daga 2012 zuwa 2022, wanda ya haɗa Zamfara da Sakkwato, Katsina, Bauchi, Neja, daga baya Kano. A nan ne aka horar da kwamitoci, aka kafa ƙungiyoyin iyaye mata, aka bi gida-gida ana rubuta yara. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Zamfara ta shiga a faɗaɗawar 2023, shi ma ta asusun waɗannan kwamitoci yake tura kuɗin gyaran makarantun sakandare.

Ba na raina aikin da suka yi. Akwai garuruwan da kwamiti ya tara hatsi bayan kaka aka sayi kwano, akwai inda iyaye mata suka shawo kan maƙwabciya ta rage wa 'yarta talla ta bar ta ta je aji da safe. Waɗannan mutane ba a biyan su ko sisi, kuma ya kamata a ce musu sannu.

Amma a dubi yadda ake cike kujerun. Ƙa'idar ta ce kowane rukuni ya fitar da wakilinsa a taron gari. Abin da ya fi faruwa shi ne takarda ta zo daga ofishin ilimi ana neman sunaye kafin Alhamis, hedimasta ya je ya gai da mai gari, su zauna a zaure su lissafa mutanen kirki. Galibi kuwa mutanen kirkin ne. Matsalar ita ce wanda hedimasta ya rubuta sunansa ba zai iya tambayar hedimasta dalilin da ya sa aji uku ba malami ba. Kunya za ta hana shi, kuma ya san ta ƙofar da ya shigo. Ko da an yi taron gari, ɗaga hannu ake yi ko ƙato bayan ƙato, a gaban mai gari da liman da mai kuɗin gari. Talakan da ke noma gonar aro ba zai tsaya bayan wani ba alhali ɗan mai gonar na takara. Mace kuwa sau da yawa ba ta wurin ma, sai dai a ce an sa Hajiya wance.

Sai batun iko. Kwamiti ba ya ɗaukar malami, ba ya sauya masa wurin aiki, ba ya taɓa albashinsa. Ba ya ba da kwangilar ginin da SUBEB ko ɗan majalisa ya kawo, sau da yawa sai dai ya ga tifa ta sauke yashi. Ba shi da kason kuɗi tabbatacce da zai ce ga abin da ke zuwa kowane zango, sai abin da wani shiri ya kawo, in shirin ya ƙare taro ya mutu. Amma in yara ba su zo ba, ko an sace benci, ko famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, shi ake kira. An ba shi raƙumi, an riƙe akala.

Abin da ke ba ni takaici a nan shi ne yadda ake fassara mutuwar kwamiti da cewa mutanenmu ba su damu da ilimi ba. Wannan magana ba ta da tushe. Ƙasar da ke da 'Yandoto, garin malamai da ɗalibai ke nufa daga nesa tun kafin jihadi, ba za a koya mata darajar karatu ba. A leƙa kowace Islamiyya a Tudun Wada ko Sabon Garin Gusau. Kwamitin unguwa ne ke karɓar kuɗin wata, shi ke biyan malamai, shi ke sallamar wanda ba ya zuwa, kuma iyaye na biya suna bibiya. A makarantar allo ma, uban da bai gamsu ba yana ɗauke ɗansa ya kai wa wani malami, malamin kuma ya san haka. Mutanen nan dai su ne iyayen yaran firamare. Inda suke da iko suna tsayawa, inda aka kira su sa hannu kawai sai su koma gona.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

A Amurka akwai gundumomin makarantu kimanin 13,000, kuma mafi yawansu hukumar da mazauna yankin suka zaɓa ce ke riƙe da su. Ita ke ɗaukar babban jami'in ilimi na gunduma, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma kaso mai yawa na kuɗin daga harajin gidaje da filayen yankin yake fitowa. Tushen abin yana Massachusetts, inda dokar 1647 ta ɗora wa garuruwa nauyin kafa makaranta. Ba na kiran mu kwafi wannan. Masu fitowa zaɓen hukumar makaranta a can kaɗan ne ƙwarai, kuma dogaro da harajin gida ya sa gunduma mai arziki ta fi matalauciya makarantu masu kyau. Da za a ce Magami ta riƙe makarantunta da harajinta, Gusau ta riƙe nata, da an zalunci Magami. Darasin da ke ciki ɗaya ne: wanda ke riƙe da makaranta ya san ranar da zai koma gaban iyaye.

Misalin da ya fi kusa da mu yana ƙetaren iyaka. Nijar ta fara kafa kwamitocin kula da makarantu da ake kira COGES a farkon shekarun 2000, kuma da farko sun yi irin barcin da namu ke yi. A 2004 wani shiri da hukumar JICA ta Japan ta tallafa ya fara aiki a jihar Tawa da sharaɗi mai sauƙi: a zaɓi shugabannin iyaye ta ƙuri'ar sirri, a tsara aikin shekara a taron gari, a dawo a karanta wa gari abin da aka kashe. Daga 2007 aka faɗaɗa tsarin zuwa ƙasar baki ɗaya, har da Maraɗi. Mutanen Tawa da Maraɗi Hausawa ne irinmu, masu sarakuna da limamai da kunya irin tamu, kuma ba su fi mu yawan masu karatun boko ba. Saboda haka hujjar cewa ƙuri'ar sirri ba ta dace da ƙauyen Hausa ba ta faɗi tun a Tawa.

Bincike ma ya taɓa wannan batu. Pradhan da abokan aikinsa, a gwajin da suka yi a makarantun karkara na Indonesiya wanda aka buga a 2014, sun gano cewa ba kwamiti kuɗi da horo kaɗai bai ɗaga karatun yara sosai ba. Abin da ya yi tasiri shi ne haɗa kwamiti da majalisar ƙauye, musamman inda aka haɗa da zaɓen 'yan kwamitin. A Yuganda, Reinikka da Svensson sun nuna cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin ɗari ne kawai na kuɗin gudanarwa ke isa makarantu, amma bayan gwamnati ta fara buga adadin a jaridu ana liƙawa a makarantu, ya haura kashi 80 a 2001. Indiya kuwa a dokarta ta 2009 ta ce kashi uku cikin huɗu na kwamitin makaranta su zama iyaye, rabin kwamitin kuma mata.

Adalci ne a kawo abin da bai yi daɗi ba. Beasley da Huillery sun bibiyi kuɗin da aka ba kwamitoci a Nijar, suka ga iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta amma ingancin karatu bai ƙaru ba, domin iyayen ba su da ƙarfin tanƙwara malami. A Gambiya ma Blimpo da abokansa sun ga fashin malamai da ɗalibai ya ragu, amma karatu ya inganta ne kawai a garuruwan da manya masu iya karatu ke da yawa. Ni abin da na fahimta daga waɗannan shi ne zaɓe kaɗai ba ya isa. Dole a ba kwamiti aikin da wanda bai yi boko ba zai iya, a kuma sa ofis ya amsa masa. Ba sai ka iya Turanci ba kafin ka san malami ya zo ko bai zo ba.

Ƙananan hukumomi uku, hali uku

Gusau gari biyu ce a cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Akwai cikin gari, inda ajujuwa suka cika suka batse, ga 'yan gudun hijira da suka kwararo daga ƙauyuka, ga masu hali da ma'aikata sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Wannan na ƙarshe yana da illa ga kwamiti, domin sau da yawa babban mutumin da aka ba shugabanci ba shi da ɗa ko ɗaya a makarantar. Sannan akwai Gusau ta karkara, su Magami da Wanke da Wonaka da Ruwan Ɓore, inda malamin da aka tura yakan zauna cikin gari yana zuwa in hanya ta yi kyau. Ofishin ilimi ɗaya ne ke duba duka biyun.

Tsafe ita ce inda maganar ta fi nauyi. Tana kan hanyar Funtuwa, tana iyaka da Faskari ta Jihar Katsina, kuma yankunanta irin su 'Yankuzo da Ɗanjibga da Kunchin Kalgo sun sha wuyar 'yan bindiga shekara da shekaru. A irin wannan wuri mai duba makarantu ba ya zuwa, kuma ba za a zarge shi ba, rai ne. To wa ya rage ya san ko makaranta na buɗe? Mutanen gari. Su suka san ranar da hanya ta ɓaci, su suka san gidan da ya tashi ya koma Tsafe ko Gusau da yara biyar. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ranar 26 ga Fabrairu, 2021, da na Kaya a Maradun ranar 1 ga Satumba na shekarar, an rufe makarantu da umarni daga sama. Ba na jayayya da matakin a lokacinsa. Amma buɗewa ba ta yiwuwa da umarni kaɗai, domin uba ba zai saki 'yarsa ba sai wanda ya yarda da shi ya ce masa ga tsarin da aka yi, ga wanda ke gadi, ga inda yara za su bi in an ji motsi. Kwamitin da gari ya zaɓa da kansa ne kaɗai ke da irin wannan yarda. Wanda aka rubuta a zaure ba shi da ita, ko da kuwa mutumin kirki ne.

Bunguɗu tana da masarautu biyu, Bunguɗu da Kwatarkwashi, ta kuma kusan kewaye Gusau, har ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Satumba 2023 a Sabon Gida suke zaune, cikin ƙasarta. Kusancinta da babban birni ya sa malamanta da yawa 'yan je-ka-ka-dawo ne, don haka batun rajistar zuwan malamai ya fi damunta.

Gyaran da nake ba da shawara

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamba 2023, an kuma ga gyaran gine-gine. Abin da nake roƙo a ƙara ba ya cin kuɗin bulo ɗari. A bar wa mai gari da liman kujerunsu na iyayen ƙasa, domin duk kwamitin da ya yi gaba da fada ba zai kai ko'ina ba, kuma binciken Indonesiya ma haɗin kai da shugabannin gari ya nuna. Amma shugaba da ma'aji da mafi yawan kujeru su zama na iyayen da ke da yaro a rajistar makarantar, a zaɓe su ta ƙuri'ar sirri, da wa'adi sananne. Mata su yi nasu layin, ko su jefa a gidan da suka amince da shi a hannun malama, kuma a ware musu kujerun da ba za a cike da maza ba in sun yi jinkiri. Wanda bai iya karatu ba a sa masa alama ko launi a madadin suna, kamar yadda ake yi a babban zaɓe. Jam'iyya kada ta tsayar da kowa. Na san za ta leƙo, musamman in kuɗi ya fara shigowa, kuma sharaɗin cewa sai mai ɗa a makarantar shi ne katangar da ta fi tsayi da za a iya yi mata.

Ikon da za a ba su ya zama ƙarami amma tabbatacce. Shugaban kwamiti ya sa hannu a takardar zuwan malamai ta wata kafin ta tafi ofis, kuma doka ta wajabta wa Sakataren Ilimi ya ba da amsa a rubuce cikin kwanaki ƙayyadaddu in an kai ƙorafi. Duk kuɗin da ya shigo makaranta, da sunan ɗan kwangila da adadin aikinsa, a rubuta da Hausa, boko da ajami, a liƙa a bangon makaranta, a kuma karanta bayan sallar Juma'a. Kada a biya ɗan kwangila kason ƙarshe sai kwamiti ya shaida an gama. Sannan shugabannin kwamitocin kowace mazaɓa su zaɓi mutum ɗaya, waɗannan wakilai su zauna da Sakataren Ilimi sau ɗaya a zango, su ga jerin malamai da inda aka tura kowa. Zamfara na da mazaɓu 147, wakilai 147 ke nan, adadin da ɗakin taro ɗaya a Gusau zai ɗauka in SUBEB na son jin su.

Ba sai an jira Abuja ba. Majalisar Dokokin Jiha na iya sa wannan cikin dokar hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kuma kafin nan SUBEB na iya gwadawa da takardar umarni a mazaɓa biyu a kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan, ɗaya ta cikin gari ɗaya ta karkara, a bar sauran yadda suke domin a sami abin kwatance. Malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru su riƙa ƙirga zuwan malamai da ɗalibai ba tare da sanarwa ba, kafin zaɓen da bayansa. Lokacin zaɓen kuma ya zama bayan an kai amfanin gona gida, kafin matasa da magidanta su tafi cin rani, a ranar da ba ta kasuwar garin ba.